Ruwa ya zo, mu har yanzu taimama muke yi

Ranar Juma'a 27 ga Maris 2020, wajen ƙarfe ɗaya na rana, na leƙo ƙofar gida na tarar da Baba maƙwabcinmu zaune a kan dakali. Ya yi wanka, ya sa farar riga, darduma a kafaɗa, turare na tashi. Dattijo ne da ya haura saba'in, kuma tun da na san shi, duk Juma'a sai ya hau acaɓa daga nan Tudun Wada ya bi ta Ƙofar Doka ya je masallacin fada, sai fa in ciwo ya kwantar da shi. A daren da ya gabata gwamnatin jihar Kaduna ta kulle kowa a gida saboda korona, kuma ya sani sarai. Ya dai shirya ne kawai, don jikinsa bai san Juma'ar da ba a shirya mata ba.

Ladanin masallacin layinmu ya kira salla, sai ya sako wata kalma da yawancinmu ba mu taɓa ji a lasifika ba: "Sallu fi buyutikum." Baba ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, me yaron can ya ce?" Na ce cewa ya yi kowa ya yi salla a gidansa. Na ƙara masa da abin da malamai ke ta maimaitawa a rediyo a kwanakin, cewa ba baƙon abu ba ne, Abdullahi ɗan Abbas ya taɓa sa ladaninsa ya faɗi haka ranar Juma'a saboda ruwan sama da taɓo, kuma da jama'a suka yi mamaki ya ce wanda ya fi shi ma ya yi hakan. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To na ji. Amma shi ruwan sama ai ana ganin ɗaukewarsa. Wannan fa, yaushe zai ɗauke?"

Ba ni da amsa a ranar, waɗanda suka sa dokar ma ba su da ita. Juma'a 11 muka yi a gida, azumi ya shigo ya fita ba tarawihi a masallaci, tafsiri sai a rediyo da Facebook, Ƙaramar Salla ta zo ba Idi ba hawa, sai bayan kwana 75 aka sassauta a watan Yuni. Tambayar Baba kuwa ba ta bar ni ba, don na lura duk lokacin da aka shiga wani hali a ƙasar nan, ita ce tambayar da ba mai son amsawa.

Mu Zazzagawa bai kamata a ce sai an koya mana hukuncin larura ba. Yaron da ya yi wata shida gaban malamin zaure a Kona ko a Juma ya san babin taimama. In ba ruwa, ko akwai amma zai cutar da kai, sai ka bugi ƙasa mai tsarki ka shafi fuska da hannuwa, ka yi sallarka, kuma ta yi. Matafiyi ya yi ƙasaru. Mara lafiya ya yi a zaune, in ya kasa ya yi a kwance. Daren da aka sheƙa ruwa a haɗa Magariba da Isha'i. Wanda yunwa za ta kashe, aya ta 173 a Suratul Baƙara ta ba shi damar cin mushe, amma a nan take ta ɗaure shi da sharaɗi: kada ya zama kwaɗayi ne ya kai shi, kada kuma ya wuce iyaka. Daga irin waɗannan malaman fiƙihu suka fitar da ƙa'idojin da ba a raba su: larura tana halatta abin da aka hana, ana auna ta daidai gwargwadonta, abin da uzuri ya halatta kuma yana faɗuwa ranar da uzurin ya gushe. Ta farkon kowa ya haddace ta, har da ɗan kasuwar da ke ɓoye masara a sito. Sauran biyun ne ake yi wa kunnen uwar shegu, alhali su ne suka sa Bahaushe ke cewa in ruwa ya samu taimama ta ɓaci.

In don iya taimama ne, ba a bar mu a baya ba. A cikin kullen nan aka ɗaura auren 'yar yayata. An daɗe da sa rana, an yi lissafin kamu da walima da anko da hayar rumfa da kujeru, lissafin da ya hana mijin yayata barci wata biyu. Sai ga shi an ɗaura a zaure, mu tara ne har da liman, da faranti ɗaya na dabino da goro, ba a yi minti ashirin ba aka shafa. Da Magariba gwaggwanninta biyu suka raka ta a ƙafa, don layi uku ne tsakani. Yayata ta yi kuka, ta ce kamar auren marainiya. Kuɗin da aka tara na biki da shi aka saya wa yarinyar keken ɗinki, yau 'ya'yanta biyu, kuma auren nan bai ragu da komai ba. Ta'aziyya ta koma waya. Suna ya koma raɗa da yankan rago, a aika wa maƙwabta nama. Kasuwa ta tashi daga mazauninta ta koma filin makarantun firamare a ranakun da aka ba da dama a fito sayen abinci. A wata biyu da rabi muka gane cewa rabin abin da muke ce wa dole, al'ada ce muka ɗora wa kanmu muka kuma manta mu muka ɗora. Ana buɗe gari kuwa muka koma gidan jiya, har da ƙari. Wannan ba na ganin laifin kowa sai namu.

Ba na cikin masu cewa korona ƙarya ce. Gwamna Nasiru El-Rufa'i da kansa ya fito ranar 28 ga Maris ya ce ya kamu, kuma a lokacin ba likitan da ya san iya inda abin zai tsaya. Shugaban da ya ga gawawwakin da ake nunawa daga Italiya ya naɗe hannu, da shi za mu fara zagi. Kuma tsare mutane saboda annoba yana da asali a wurinmu: hadisi ya ce in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in kuna ciki kada ku fita, Sayyidina Umar ma juyowa ya yi daga hanyar Sham da ya ji labarinta. Ba sa dokar ce damuwata ba. Damuwata wa aka ɗora wa nauyinta, kuma a hannun wa aka bar ta.

Ma'aikacin jami'a a Samaru ko na asibiti a Shika, wata ya ƙare albashi ya shigo, kulle a wurinsa gundura ce. Ɗan dako a kasuwar Sabon Gari, mai acaɓa a Kwangila, mai wankin hula, mai yankan farce, mai tallan ƙosai a bakin tasha, duk wanda rayuwarsa hannu baka hannu ƙwarya ce, in ka ce ya zauna a gida kwana biyar a mako, ka ce masa ne ya yi azumin da ba buɗa-baki. An yi ta zancen tallafi a rediyo. A layinmu dai ban ga ƙwayar shinkafa ba, sai a watan Oktoba na shekarar muka ga jama'a a jihohi da dama, har da cikin garin Kaduna, suna fasa rumbunan da aka jibge kayan. Ka kwatanta wannan da abin da malaman tarihi suka ruwaito game da Sayyidina Umar a shekarar fari, shekara ta 18 bayan Hijira: ya dakatar da yanke hannun ɓarawon da yunwa ta koro, ya jinkirta karɓar zakka, shi kuma ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai talakawa sun samu. Sauƙin ya tura shi ƙasa, tsananin ya ɗauka a kansa. Mu namu a juye yake zuwa.

Wani dare a watan Afrilu, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, naƙuda ta kama matar ƙanena. Muka tashi wani maƙwabci mai Keke Napep, muka sha fama da get ɗin layinmu (zancensa na nan tafe), muka hau titi. Garin tsit, ko kare ba ya haushi. A shingen farko wani mai kaki, dattijo, ya haska tocila cikin keken, ya ga halin da take ciki, bai ce uffan ba ya sa ƙafa ya ture katakon ƙusoshin da kansa, ya ce, "Ku yi sauri, Allah ya raba lafiya." Ba mu yi tafiyar minti uku ba sai ga shinge na biyu. Wannan yaro ne, bai kai ƙanena ba. Ya ce ina takardar izinin fita. Na ce, "Yallaɓai, haihuwa ce, ga ta nan ka duba." Ya ce kowa haka yake cewa. Gwaggonmu da ke riƙe da ita ta leƙo ta ce, "Ɗana, kai ma mace ce ta haife ka." Bai ko kalle ta ba. Naira 500 ce ta ɗage katakon.

Dokar ɗaya ce, kuma a takarda ta yarda mara lafiya ya fita. Amma a lokacin larura doka takan tashi daga takarda ta koma hannun wanda ke tsaye a kan titi, in mai tsoron Allah ne ka tsira, in mai yunwa ne ka biya, in mai zafin kai ne sai yadda ta yiwu. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18, fiye da waɗanda cutar ta kashe zuwa lokacin, kuma 12 daga ciki a jiharmu ne. A Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya ranar 5 ga wata, a cikin kwanakin dokar aka harbe wani yaro ɗan shekara 16 a Samaru, rundunar soja kuma ta amsa cewa sojanta ne. Duk wanda zai sa hannu a takardar hana fita ya kamata ya san cewa ba shi zai aiwatar da ita ba, wani ne mai bindiga da ya kwana biyu bai runtsa ba.

A wajen ƙarshen daminar 2021 an sake shiga wata taimamar saboda 'yan bindiga: aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, aka hana babur, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe kasuwannin mako a wurare irin su Giwa da Birnin Gwari. Mutumin ƙauye ya ji jiki, don babur shi ne motar asibitinsa, kasuwar mako ita ce bankinsa, kuma in an shigo masa da dare ba wayar da zai kira wani. Duk da haka zan yaba abu ɗaya: dokar babur an ce ta wata uku ce, layukan waya kuma an maido su a ƙarshen Nuwamba. Wahalar da aka gaya maka ranar ƙarewarta, ko ba komai kana ƙirga kwanaki.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce larurar da aka ƙirƙiro mana da hannu. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya ce zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairu 2023 ranar daina karɓar tsofaffi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka kai tsofaffin banki, sababbin kuma ba su fito ba. Ba fari aka yi ba, ba yaƙi ba, ba annoba ba, mutum da kuɗinsa ya kwana da yunwa. Na ga inda aka cire dubu ɗaya a kan dubu biyar a wurin mai POS. Manomi ya kawo masara ya karyar wa duk mai tsabar kuɗi a hannu. 'Yar Fulani mai nono, wadda ba ta da asusu balle wayar karɓar tiransifa, ta wuni a rana ta koma da ƙwaryarta a cike.

A nan ma talaka ne ya yi wa talaka sauƙi. Mai shayin bakin titinmu ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta ya rataye shi da zare a jikin teburinsa. In ka tura kuɗi sabis ya riƙe, sai ya ce, "Malam, sha ka tafi, in alat ya shigo ya shigo." Mutumin da a da ko sukarin naira 50 ba ya bayarwa bashi, sai da littafin nan ya cika ya sayi na biyu. Ya gaya mini daga baya mutum uku ne kacal suka gudu da kuɗinsa. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Ruwa ya zo ke nan. Mai shayi ya ajiye littafinsa, ya riƙe karɓar tiransifa don ya ga amfaninta, wannan zaɓinsa ne kuma ba laifi. Amma sayen kuɗinka da kuɗinka, wanda muka karɓa a matsayin cin mushe, shi ya zauna daram. Ka je na'urar cire kuɗi ka tarar ba komai, ka juyo ka ga laima biyar a jere a ƙofar bankin, kowace da tsabar kuɗi. Yaran da suka taso yanzu sun ɗauka haka duniya take.

Abin da na lura da shi ke nan, kuma a kansa nake wannan dogon zance. In larura ta wuce, rangwamen da mutane suka yi wa juna shi ke fara tafiya. Abin da ke zama shi ne wanda wani ke ci a ciki: shingen da ake karɓar na goro, cajin da aka ƙara, ikon da aka ba wani ofis na ɗan lokaci. Ba wanda ke zama ya yanke shawarar a bar su. Ba dai wanda aka ɗora wa alhakin cire su ne, mai ci kuma ba zai tuna maka ba.

Abin mamaki, kundin tsarin mulkin 1999 ya fi mu kusa da malaman fiƙihu a wannan babi. Sashe na 305 ya ba shugaban ƙasa damar sa dokar ta-ɓaci, amma sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun amince cikin 'yan kwanaki, kuma bayan wata shida dokar ta mutu da kanta sai in an sabunta ta. Haka aka yi a Filato a 2004, haka aka yi a Ribas daga Maris zuwa Satumban 2025. Kana iya musun ko ya dace a sa, da yawa ma sun musa, amma ranar ƙarewa a rubuce take. Ita kuwa dokar da ke shiga rayuwarmu kai tsaye, ta hana fita, ta rufe kasuwa, ta rufe makaranta, a sanarwar manema labarai take zuwa, kuma kusan kullum da wutsiya ɗaya take ƙarewa: "har sai abin da hali ya yi." Wannan jimla ita ce nake so a kashe. Duk dokar larura ta zo da ranar mutuwarta, ko kwana uku ne ko mako biyu. In ranar ta yi ana ganin buƙatar ƙari, wanda ya sa ta ya fito ya ce ga abin da aka samu, ga dalilin ƙarin, majalisar jiha ta ji, masu unguwanni da shugabannin kasuwa su ji. A faɗa a rediyo da Hausa ƙarara wa aka yarda ya fita, don mai naƙuda kada ta koma abin ciniki. Kuma kada a kulle mai neman na yau sai an san abin da zai ci yau ɗin.

Za a ce ai annoba da ɗan bindiga ba su da kalanda, wa ya san ranar ƙarewarsu? Gaskiya ne. Amma mai taimama ma bai san ranar da ruwa zai zo ba, shi ya sa a mazhabarmu ta Malikiyya ba a sallar farilla biyu da taimama ɗaya. Kowace salla sai ka sake neman ruwa, in ka rasa sannan ka sake buga ƙasa. Ba a ce ka san ranar ba, cewa aka yi kada ka daina dubawa.

Na ce zan dawo kan get ɗinmu. Bayan rikicin zaɓen Afrilun 2011, da aka ɗage dokar hana fita hankula ba su kwanta ba, magidantan layinmu suka haɗa kuɗi aka ƙera get na ƙarfe a bakin layi, aka ce a riƙa kullewa ƙarfe goma na dare zuwa asuba, na ɗan lokaci, kowane gida kuma ya riƙa ba da kuɗin sintiri duk wata. Ni ma na ba da nawa, kuma a lokacin daidai ne. Watakila har yanzu ma daidai ne, don masu satar mutane sun sha shigowa gefen Zariya, ba wanda ya manta daren da suka shiga kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021. Amma sama da shekara goma ke nan ba a taɓa zama an ce get ɗin nan har yanzu muna buƙatarsa ba, ko goman ta koma sha ɗaya, ko kuɗin nan ina yake tafiya. Makulli ɗaya ne, yana wurin mai gadi. Daren naƙudar nan minti ashirin muka yi muna neman bawan Allah, ashe ya zagaya bayan masallaci barci ya sace shi.

A taron magidanta na bayan Sallar Layya da ta wuce na miƙe na kawo maganar. Ban ce a cire get ba. Na ce a yanka makulli uku a ajiye a gidaje uku, kuma duk shekara a zauna a duba tsarin. Wasu suka gyaɗa kai. Sai shugaban kwamiti, mutumin kirki ne ba ruwansa, ya gyara zama ya ce, "Malam, maganarka tana kan hanya, amma ka ga halin da ake ciki, yanzu ba lokacin taɓa harkar tsaro ba ne. A bar shi yadda yake tukuna." Na ce zuwa yaushe, ranka ya daɗe? Ya ce har sai abin da hali ya yi. Aka shafa fatiha aka tashi, sakatare ya bi mu ƙofa da littafinsa yana karɓar kuɗin wata.